Hoton da Ba a Sa wa Iyaka Ba

Ku matso kusa. Ke Huwaila, bar wasa da fitilar nan, ko a fasa labarin.

Kun san Tasi'u na bakin tasha, mai yi wa 'yan kasuwa zane mai motsi a shafukan intanet? Umarni yake rubuta wa kwamfuta. Ya ce wa hoto girma, ya girma. Ya ce ƙanƙance, ya ƙanƙance. Yana da wata ɗabi'a: duk sabon aiki, da hoton kansa yake fara gwadawa. Shagonsa kuwa a gurbin tsohuwar tsamiyar nan da aka sare aka gina shi.

Ran nan an sha ruwa, magariba ta kawo kai. Maƙwabta duk sun rufe sun nufi masallaci. Shi ko gogan naku, wai bari ya ƙarasa layi ɗaya.

Sai sallama.

Wani dattijo ne da farar riga. Ya ratso taɓo, amma ƙafarsa fes. Yana tsaye a gaban tebur, muryarsa kuwa daga bayan ƙeyar Tasi'u take fitowa.

"Yaro, an ce kana rage abu."

"Hoto dai, Baba."

"Gidanmu aka sare. Saura kututture, mu kuwa muna da yawa. Nuna mini yadda ake yi."

Tsoro ya kama Tasi'u ƙwarai, amma wa zai ce wa irin wannan baƙo a'a? Ya rubuta umarni, a riƙa rage hoton kaɗan-kaɗan. Ƙa'idar aikin, sai ka gaya wa kwamfuta inda za ta tsaya, in ba haka ba ta yi ta ragewa har hoton ya ɓace. Don ruɗewa, bawan Allah ya manta. Ya danna.

Hotonsa ya fara ƙanƙancewa.

Zoben azurfarsa ya zame ya faɗi. Hula ta rufto masa a ido. Yana ɗaga ta, sai ya ji ƙafafunsa sun bar ƙasa, suna lilo daga kan kujera.

"Madalla," in ji muryar a bayansa. "Bar shi ya ci gaba."

A nan ya gane. In hoton nan ya ɓace, shi ma ya tafi ke nan. Ya kai hannu, hannun riga ya haɗiye yatsunsa. Tebur sai ƙara tsawo yake. Ya dafa ya miƙe tsaye a kan kujera, yana bismilla a zuci. Ya lalubi maɓalli ya tsayar da motsin.

Can liman ya kabbara salla.

Da ya ɗago, ba kowa. Sai ɗanyar tsamiya a kan tebur, har da ganyenta.

Me kika ce, Huwaila? Ya mayar da hoton? Ya gwada mana. Hoton ya girma har ya cika allo, shi kuwa yana nan yadda yake.

Ya tattare riga ya ja ta har gida. Mahaifiyarsa ta leƙo zaure, ta dube shi, ta ce, "Yaro, wa kake nema?"

Saboda haka kada wanda ya kuskura ya bi ta shagunan nan shi kaɗai da magariba. Ku kuma masu tsokanarsa da Tasi'u Guntu, ku tambayi Inna. A da, sai ya sunkuya yake shiga ƙofar gidan nan.