Abin da Ta Raɗa Min a Bakin Mota

Malamin Sifaniyanci, kai ka raba ni da jikata, kuma ba zan ɓoye maka ba, ban yafe ba!

Yarinyar nan tun tana zanin goyo uwarta ta rasu, ni na raine ta. Shiru-shiru muke ce mata, don ko ƙafarta ka taka sai dai ta matsa ta ba ka haƙuri. Samari sun yi ta sintiri a ƙofar gidana, duk suka gaji suka watse, babu wanda ya taɓa jin kalar muryarta.

Sai ta shiga ajinka a kwaleji.

Wai ka jera su biyu-biyu, kowa ya kalli idon ɗan'uwansa ya koyi yadda ake cewa mutum ya kwanta maka a rai. Wannan karatu ne, don Allah? Ka kuma rasa wanda za ka haɗa ta da shi sai Dogo, mai murmushin nan kamar an yi masa albishir.

Ranar da ya fara zuwa wai bitar darasi, na dasa kujerata a tsakaninsu ina tsifar kaina.

"Me kayes biyen," in ji shi.

Ta sunkuyar da kai. "Me kayes biyen..."

Na ce, "Me ya kayar da wa?"

"Kaka, cewa ya yi ina da kirki."

"To ni ba ni da kirkin ne? Kai miji, haka ake yi? Ka tsallake tsohuwar zuma?"

Ya yi dariya har da riƙe ciki.

Bayan kwana biyu karatu ya canza. Ya rage murya ya ce, "Me gustas..."

Wallahi ban san harshen ba, amma na ga kunnuwan yarinyata suna rawa. Kuma ta amsa! Shiru-shiru tawa ta amsa, har da ƙari!

Wata 'yar ajinsu mai jan baki, wadda ta daɗe tana kai wa Dogo kwalliya bai gani ba, ta je ta kitsa wa kawun jikata cewa batsa suke yi da yaren waje a gabana, sun mayar da ni gunki. Kawun ya faɗo gidan yana huci, ya tarar da su suna bita.

"Daga yau babu aji, babu Dogo!"

Jikata ta durƙushe, hawaye shaɓe-shaɓe.

Na ce, "Kai, ni na haife ka, sauke min murya." Na juya kan Dogo. "Maimaita abin da kake faɗa mata, da Hausa, kowa ya ji."

Gumi ya karyo masa.

"Kaka... son ta nake yi. Aurenta nake so."

"Ke fa?"

Ta ja mayafi ta rufe fuska. Can ƙasa muka ji, "Me gustas, Dogo..."

Kawun ya ce, "Me ta ce?"

Na ce, "Ta ce ka je ka nemo goro."

Ni na tsaya musu, ban musa ba. Ni na yi mata ƙunshi da hannuna. Amma da aka zo tafiya da ita, a bakin mota, sai ta ƙanƙame ni tana kuka kamar za a cire mata rai. Ta kai bakinta kunnena ta raɗa min wata doguwar magana.

Da Sifaniyanci!

Na ce, "'Yar nan, faɗa min da Hausa, rabin raina..."

Ta girgiza kai, aka ja ta, mota ta tashi.

Na yi mata waya, ta ce kunya take ji. Na tambayi Dogo, ya ce bai ji ba. Ni kuwa na riƙe maganar tsaf, ina ta nanata ta a ɗakin da babu kowa, kada ta gudu.

Ni na yi goyo, ni na yi jinya, ban taɓa jin ta faɗa min abin da ke ranta ba. Rana ɗaya da ta buɗe min zuciyarta, ka sa ta buɗe da yaren da ba na ji.

Don haka ka zo gidana, Malam. Ka zauna a gabana in maimaita maka, ka faɗa min abin da jikata ta ce, kalma bayan kalma. In ba ka zo ba, ni zan zo ajin naka, a gaban ɗalibanka za ka amsa!