Lamba ta Arba'in da Bakwai

Auta na kaiwa lamba ta arba'in da bakwai a jerin lambobin wayar da aka ba ta, ta tsaya cak. Ko daga barci aka tashe ta za ta karanto lambar nan. Ta Tela ce, saurayinta.

Wata uku ke nan tana aikin sa kai a ofishin kamfen ɗin ɗan takarar shugaban ƙasa. Aikinta ta buga wa mutane waya, ta roƙi ƙuri'a, ta yi alama a takarda: namu ne, ko ba namu ba. Wata ukun ke nan kuma rabonta da muryar Tela, tun ranar da Yayanta, shugaban ofishin, ya gan shi yana ɗinka tutocin 'yan adawa, ya rantse Tela ba zai auri ƙanwarsa ba.

Ta ɗago. Sakatariyar ofishin na murmushin mugunta, ita da ta daɗe tana zarya shagon Tela da sunan gyaran riga. Yaya na tsaye bakin ƙofa. Wato gwaji aka shirya mata.

Ta kira lambar.

“Salamu alaikum... ina kira ne daga ofishin...”

“Auta?” in ji Tela a hankali. “Masoyiyata, ke ce?”

Hawaye suka ɓalle mata, amma ta daure ta karanta abin da ke rubuce.

“Ko za mu samu ƙuri'arka?”



“Yayanki na kusa, ko? Na san in na ce eh, gobe zai sakar min fuska. Amma ba zan fara zama da ke da ƙarya ba. Ba zan zaɓi mutuminku ba, Auta.”

Haushi ya kama ta. Kalma ɗaya fa! Mutumin nan da taurin kai yake, kuma abin takaicin, saboda halin nan nasa take sonsa.

“Rigar aurenki na nan rataye,” ya ce. “Hannu ɗaya ya rage. In ƙarasa, ko in warware?”

Yaya ya matso har inuwarsa ta rufe takardar.

Auta ta ɗauki biro ta yi alama a gaban sunan Tela: ba namu ba.

“Kin dai ji da kunnenki,” in ji Yaya.

“Na ji, Yaya. Ni na kawo kaina ofishin nan, kuma ranar zaɓe da ni za a yi layi. Amma wanda muke wa wahalar nan ko sunana bai sani ba. Wannan kuwa da sallama kaɗai ya gane ni.”

Fuskar Yaya ta haɗe. “In kika zaɓe shi, babu ni a bikinki.”

Maganar ta soke ta sosai, don shi ya riƙe ta tun rasuwar Baba. Ta goge idonta da bakin mayafi, ta mayar da wayar kunne.

“Ƙarasa hannun,” ta ce.

Sannan ta kira lamba ta arba'in da takwas.