Awon Ruwa a Gadar Solmae

Magariba ta riski Bae Dong-cheol a ƙarƙashin gadar Solmae, yana saita sabuwar na'urar awon ruwa, wadda za ta tayar da jiniyar ƙauye idan kogi ya kawo. Ya ciro kan na'urar daga ruwa ya goge. Allon akwatin da ke adana awon ya nuna sifili, yadda ya kamata.

"Kai ɗan birni, sau nawa ka sa ta riƙa dubawa?"

Wani tsoho ne tsaye a bayansa, yana warin taɓo.

"Sau ɗaya a awa, Baba. Batir muke lallaɓawa."

"Batir. Wanda aka turo bara ma haka ya ce, marar mutunci. Ka san abin da kogin nan yake yi cikin awa ɗaya?"

"To zo ka saita da kanka, tunda ka fi ni sani."

Tsohon ya matso, tsakuwa ba ta yi ƙara a ƙafarsa ba. Kunnuwan Dong-cheol suka toshe kamar ya nutse. Ya dubi allon: mita ɗaya, mita biyu, mita uku. Kan na'urar kuwa yana hannunsa, a bushe.