Malam, Kana Ji?

Ranar da Malam Yusha'u ya cika kwana hamsin da biyu a ƙasa, na fita gab da magariba don in sauko da tocilata daga kan rumbu. A nan nake shanya ta kullum da ɗan farantin solarta, ta sha rana. Na taka turmi na miƙa hannu. Tana da ɗumi. Iska ta kaɗo ƙamshin harawar gyaɗa da hayaƙin kara daga maƙwabta, shanu suna wucewa ta bayan danga za su koma ruga. Na danna ta in ga ko ta cika. Ta cika. Ban ji komai a raina ba, na dai san yau ma ba barci.

Sunana Zaituna. A Gwangwan na yi aure, shekara goma sha tara muna tare da Malam, Allah bai ba mu haihuwa ba. Tun da aka fita da shi ban zubar da hawaye ko ɗigo ba. Masu gaisuwa suka yi ta yaba mini, wai baiwar Allah akwai tawakkali. Ni kuwa na san ba tawakkali ba ne. Zuciyata ce ta yi irin abin da ƙafa take yi in ka daɗe zaune a kanta. Kana taɓa ta, ba ka jin ta.

Ciwon suga ne ya cinye idon Malam shekara shida kafin rasuwarsa. Ga shi da son labari kamar me, rediyo kuma ba ta yi masa, wai ba a tsayar da ita a yi mata tambaya. Ni na ɗan yi boko a Rogo. Sai ya zama duk dare bayan isha'i mu hau gado, shi ta jikin bango, ni ta baki, in jingina da filo in karanta masa littattafan nan na Hausa da ƙaninsa Sulle yake sayo mana in ya je Karaye. Dattijo da furfurarsa, amma in ka ji yadda yake ɗaukar zafi a kan soyayyar yaran cikin littafi sai ka riƙe ciki.

"Wannan yaro sakarai ne," in ji shi. "Koma baya, me ta ce masa?"

Ƙa'idarmu ɗaya ce. In na kai ƙarshen shafi sai in ce, "Malam, kana ji?" Ya ce, "Ina ji," in juya. In na tambaya ya yi shiru, barci ya ɗauke shi ke nan, sai in naɗe kunnen shafin in kashe tocila. Shekara shida ban taɓa rufe littafi yana amsawa ba.

Yayarsa Hajo ce ta yi ta kwana da ni har aka yi sadakar arba'in, sannan ta koma Jajaye saboda cirar gyaɗa. Daren farko da na kwana ni kaɗai, na yi ta juyi har gefena ya yi ciwo. Na laluba ƙarƙashin filo na ɗauko littafin da muka bari. Na gwada karantawa a zuci, ya ƙi shiga. Bakina ya saba, sai na sake shi. Da na kai ƙasan shafin, harshena ya riga ni.

"Malam, kana ji?"

"Ina ji."

Daga jikin bango ta fito, ƙasa-ƙasa, har da 'yar shaƙewar nan tasa.

Ya kamata in ce muku na kurma ihu na fita a guje. Ban yi ba. Na lashi yatsa na juya shafi.

Kada ku ɗauka ban san abin da nake yi ba. Na yi Islamiyya, na san wanda aka binne ba ya dawowa hira. Kuma Malam bai taɓa bari shafi ya wuce bai tsoma baki ba. Wannan kuwa ba tari, ba tsaki, ba musu, daga "ina ji" sai "ina ji". Katifa takan lotsa ta gefensa, ɗakin ya ɗauki warin laka mai sanyi irin na gindin randa. Kuma ba ya barci. Nakan yi ta karatu har tocila ta yi ja ta mutu a tsakiyar layi, sannan katifar ta koma daidai. Dare goma sha biyu ana haka. Muryata ta dushe, asuba ta fara kuɓuce mini. Saude matar Sulle ta miƙo tuwo ta kan katanga, in mayar mata da shi ya bushe a kwano. Na cinye littattafan da ke cikin kwali ɗaya bayan ɗaya, saura na ƙarshe, shi ma saura 'yan shafuka.

To, a yammacin nan da nake ba ku labari, ina saukowa daga kan turmi na ji babur ya tsaya a ƙofar gida. Yaya Hajo ta yi sallama, ƙunshi a ka. Ta dube ni, ƙunshin ya kusa faɗuwa.

"Innalillahi. Zaituna, me yake cin ki haka?"

"Sannu da zuwa, Yaya. Ya hanya? Ya mutan Jajaye?"

"Ke, bar gaisuwar nan. Ina muryarki ta tafi?"

"Mura ce."

"Mura." Ta kama haɓata ta juya fuskata wajen hasken da ya rage. "Saude ta aiko mini, ta ce duk dare suna jin ki kina magana har tsakar dare. Da wa?"

"Karatu nake yi, Yaya."

"Wa kike karanta wa?"

Na dubi tocilar da ke hannuna. Aka kira magariba, ta sake ni ta tafi alwala.

Bayan isha'i ta dama mini kunu ta tsaya a kaina sai da na sha rabi. Ta shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa, ta zura sakata, ta tofa addu'a kusurwa huɗu. Ta ce, "Yau ba karatu. Kin ji ni?" Na ce na ji. Tafiyar babur ta gajiyar da ita, ko minti goma ba a yi ba ta fara minshari.

Na kwanta na juya wa bango baya. Gyare yana kuka a ƙarƙashin gado. Can ya yi shiru.

Warin lakar ya taso.

Katifa ta lotsa a hankali, har jikina ya ɗan gangara baya.

"Zaituna."

Duk dararen nan bai taɓa kiran sunana ba. Bai taɓa magana ban tambaye shi ba.

"Ina ji," ya ce.

Hannuna ya shiga ƙarƙashin filo. Na ja bargo na rufe kaina da tocilar don kada hasken ya tashi Yaya, na fara karatu da raɗa. Shafi huɗu suka rage. A ƙarshen kowanne na tambaya, ya amsa. Yaran cikin littafin suka yi aurensu, marubuciyar ta yi godiya ga Allah, sai farar takarda.

"Ci gaba."

"Ya ƙare," na ce.

"Ci gaba."

Sanyin numfashinsa yana taɓa ƙeyata. Tocilar da ta cika ɗazu da yamma ta yi ja. Ta mutu.

Amma bakina bai tsaya ba.

Yatsana yana bin farar takardar nan a cikin duhu, layi bayan layi, kuma ina jin muryata tana karantowa tiryan-tiryan, ba dushewa, ba gargada.

"Sai matar ta yaye bargo, ta sauko da ƙafafunta ƙasa."

Na yaye bargo. Ƙafafuna suka taɓa daɓe.

"Ta tsallake tsohuwar da ke barci. Ta zare sakata."

Na tsallake Yaya Hajo. Bakin zanina ya shafi fuskarta, ba ta motsa ba. Sakatar nan da kullum sai ta yi ƙara, ta zame shiru kamar an shafa mata mai.

Tsakar gida ba farin wata. Littafin yana buɗe a hannuna. Ina jin taku a bayana, irin na ƙafar da ta jiƙe.

"Malam, kana ji?"

"Ina ji."

"Ta bi ta gefen rumbu, ta ture ƙyauren garka."

Akwai tsohuwar rijiya a cikin garkarmu, mun daina sha tun da ruwanta ya yi wari. Itace biyu aka gitta a bakinta aka ɗora kwanon rufi. Da na iso, kwanon yana jingine a gefe.

Na gane inda labarin zai ƙare. Abin da zai ba ku mamaki, ko a lokacin ban ji tsoro ba. Ina kallon kaina ne kawai, kamar wata ce can.

"Ta ɗora ƙafar dama a kan itacen."

Itacen yana da santsi. Sanyi yana busowa daga ƙasa.

"Ta ɗora ta hagu."

Itacen ya yi ƙara.

Yatsana ya kai ƙasan takardar. Ƙarshen shafi. Na san in na tambaya ya amsa, zan juya, kuma na san abin da ke rubuce a bayan.

Na buɗe baki. "Malam…"

A nan abin da na binne kwana hamsin da biyu ya taso mini. Ban taɓa gaya wa kowa ba. Kowa ya san Malam a cikin barci ya cika. Ba wanda ya san cewa a daren ina karanta masa, na kai ƙarshen shafi na tambaye shi, ya yi shiru. Na yi murmushi na ce yau da wuri. Na naɗe kunnen shafi, na gyara masa bargo, na kashe tocila. Na yi barcina mai daɗi a gefensa har asuba, ban ko taɓa shi ba. Ban laƙƙana masa kalmar shahada ba. Abin da kunnensa ya ji na ƙarshe a duniya, rigimar wasu yara ce a kan zobe.

"Tambaye ni," in ji muryar, a daidai kunnena.

"Bai amsa ba," na ce.

"Tambaye ni."

"Na tambaye shi bai amsa ba! Malam bai amsa ba!"

Sai kukan ya zo. Bai zo da hawaye da farko ba, wani gurnani ne ya fito daga cikina ya toshe maƙogwaro. Harshena yana ta ƙoƙarin harhaɗa kalmomin nan, kuka yana tsinka su. Littafin ya suɓuce. Na daɗe ban ji ƙarar faɗawarsa a ruwa ba.

Wani abu mai sanyi ya kama idon sawuna.

Wani hannun kuma, mai zafi, ya damƙi ƙugun zanina ta baya ya fizga. Muka zube a kan kunyar yakuwa ni da Yaya Hajo, tana ta jero A'uzu da Ayatul Kursiyyu da ƙarfi. Itacen da na taka ya karye ya rufta. Karnukan ruga suka ɗauki haushi. Na ji Sulle yana dirowa ta katanga yana tambayar lafiya.

Ni dai ina ƙanƙame da Yaya ina cewa, "Ban taɓa shi ba, Yaya, na yi barcina." Ta rungume kaina. Ta ce, "Yi kukanki. Ɗan'uwana ya tafi yana jin muryar matarsa, me kuma kike nema masa? Yi kukanki." Na yi har gari ya waye.

Washegari Sulle da maƙwabta suka cike rijiyar da ƙasa da duwatsu. Liman ya zo ya yi karatu a ɗakin, aka fitar da katifar. Shatin yatsu huɗu ya yi sati uku a idon sawuna kafin ya baje. Yaya Hajo ba ta ƙara barina ni kaɗai ba har na fita takaba, daga nan na koma gidan yayana a Karaye.

Yanzu abu kaɗan yake sa ni kuka, har 'ya'yan yayana suna tsokanata wai Gwaggo famfo. Ina karanta musu labari in sun matsa, amma da rana, a tsakar gida, kuma in na kai ƙarshen shafi juyawa kawai nake yi. Da dare ba na hawa gado da takarda ko wace iri ce. In yi addu'a, in yi wa Malam, in kashe fitila.

Sai dai wani daren, in gida ya yi tsit, nakan ji gefen katifa ya ɗan lotsa ta jikin bango. Ba ya cewa komai. Jira yake yi. Na san ba Malam ba ne, na san abin da yake so da ni. Duk da haka, Allah shi ne shaidata, muryar tasa ce sak, kuma ba ni da wani wurin da zan ƙara jin ta. A irin daren nan nakan cusa bakin zanina a baki in cije, in riƙe har a kira asuba.