Tabarmar Bakin Rariya

"A ciro wannan robar, ni ba a kawo mini najasa cikin gida," in ji Hajiya Uwani, tana toshe hanci da gefen mayafi.

Sa'adiya, matar ɗanta Balarabe, tana kwance ko juyi ba ta iyawa. Tifa ce ta kwashe su ita da mijin a kan Besfa a hanyar Unguwar Kanawa, ƙashin ƙugunta ya karye ya yaga mata hanyar fitsari. Likita ya ɗinke, ya sa mata robar fitsari da jaka, ya ja kunne kada wanda ya taɓa sai ɗinki ya kama.

"Hajiya, don girman Allah ki bari Balarabe ya dawo daga ofis," in ji Sa'adiya.

"Shi na haifa ko shi ya haife ni?"

Ta kira ungozoma. Ba su san robar tana da kumburi daga ciki ba, suka fizge ta da ƙarfin tsiya, suka dasa baiwar Allah a ruwan bagaruwa mai zafi. Ɗinki ya farke. Tun daga ranar fitsari ya daina yi mata sallama.

Wai kuma maimakon Hajiya ta ji kunya, sai ta ware mata kwano da buta, ta jefa mata tabarmar roba a bakin rariya, nan ne mazauninta ko da baƙi. Ta tasa ɗanta gaba, wai lallai sai ya sake ta.

"Hajiya, ni na ɗauko ta a bayana," ya ce, idonsa a ƙasa. "Ki yanka ni, amma ban da wannan."

Shi ke wanke mata zannuwa kafin ya tafi aiki. Ita kuwa Sa'adiya ba ta taɓa ɗaga wa surukarta murya ba, amma wallahi cikinta wuta ne. Da Balarabe ya kama musu haya a Unguwar Rimi, ta naɗe tabarmar ta tura ƙarƙashin gado.

"Me za ki yi da wannan tsiyar?"

"Akwai mai ita, Malam."

Sai da aka sake yi mata aiki, ta sha zaman roba har ta warke sarai. Da Allah ya ba ta ɗa namiji, ranar suna gida ya cika da mata, Hajiya ta shigo ana "lale da kakar yaro". Sa'adiya ta shige ɗaka, ta fito da tabarmar, ta warware ta a bakin rariya. Ta ja gefe tana kallon surukarta, daɗi fal ranta.

Hajiya ta dubi tabarmar, ta gane ta. Ta tuɓe takalmi, ta tattara leshinta ta zauna a kai, hawaye na bin kuncinta.

"Na cancanci wurin nan, 'yar nan. Ki yafe mini."

Daɗin da Sa'adiya ta daɗe tana tanadi ya bi iska, sai kunya da tausayi. Ta ɗauko jaririn, ta zauna kusa da tsohuwar, ta ɗora mata shi a cinya. Gogan naka kuwa ya saki fitsari, ya jiƙa leshin sharkaf.

Mata suka zaburo da tsumma.

"Ku bar shi," in ji Hajiya, ta ƙara rungume shi. "Wanki ne kawai."

To, lalura ba ƙazanta ba ce, kuma aikin likita a bar wa likita. Wanda ya yi haƙuri, sakayyarsa ba ta buƙatar hannunsa.