Tsohuwar Bakin Matakala

Kwana da kwanaki ke nan tuwo ba ya wuce wa Tasalla a maƙogwaro. Maigidanta ya tambaye ta, ta ce ciwon kai ne. Ba ciwon kai ba ne. Magana ce ta fita daga bakinta, ta rasa hanyar mayar da ita.

'Yarta Barira ce ta samu gurbin sanin makamar aiki a wani babban ɗakin karatu a Jos, na tsawon dogon hutu. Su kuwa mutanen Malumfashi ne, ba su da kowa a can. Tasalla ta ce ba za ta saki budurwa ita kaɗai a mota ba, ta ɗauki mayafi ta raka ta.

Cikin ruwan sama suka isa. Shugabar wurin, Madam Rifkatu, ta karɓe su da fara'a. Ta ce aikin Barira shi ne kakkaɓe tsofaffin littattafan da ke ɗakin ƙasa, ta jera su. Daga nan aka kira Madam, ta shige ofis.

A bakin matakalar da ke sauka ɗakin ƙasan Tasalla ta ga wata tsohuwa. Tana zaune a kan tabarma, ta lulluɓe ƙafafunta da baƙin zane. Rufin wajen yana yoyo, ko'ina ya jiƙe. Tabarmar a bushe take.

Tasalla ta gani. Ba ta ce ba ta gani ba. Amma hankalinta yana kan motar komawa, ga shi tun tana yarinya ta san ba a barin ɗa a baƙon gari sai an damƙa shi a hannun babba. Ta ɗauka mai shara ce. Ta durƙusa.

"Sannu da hutawa, Inna."

"Sannu, 'yar nan."

Bakin tsohuwar ya motsa, amma muryar kamar daga bayan Tasalla ta fito. Barira ta ja gefen mayafin uwarta.

"Umma, mu tafi," ta ce ƙasa-ƙasa.

"Ke, ina tarbiyyar da na ba ki? Gaida Inna." Ta juya. "Inna, ga 'yata nan. Ba ta san kowa ba a garin nan. Na ba ki amanarta."

"Kin ba ni?"

"Na ba ki."

"Har zuci?"

"Har zuci, Inna. In ta yi ba daidai ba ki tsawata mata."

Ta kamo hannun Barira, yarinyar tana nonnoƙewa, ta sa shi a tafin tsohuwar. Tafin sanyi ƙalau, kamar gindin randa. Tasalla ta ce a ranta, sanyin Jos ne. Ta kama hanyar tasha.

Da farko komai lafiya. Barira na kira kullum, ta ba ta labarin littattafan da gara ta ci, da ƙurar da ke sa ta atishawa. Sai kiran ya fara gajarta.

"Inna ta yi min kitso."

"Allah sarki, ki gode mata."

"Inna ta ce in daina cin abincin waje. Ita za ta riƙa ba ni."

Tasalla har daɗi ta ji. Har ta gaya wa maƙwabciyarta cewa Allah ya haɗa 'yarta da uwa ta gari.

Ran nan da hantsi Madam Rifkatu ta kira.

"Maman Barira, yarinyar nan lafiya kuwa? Na ce kada ta sauka ƙasa sai da abokin aiki, ba ta ji. Sai mun tashi muke janyo ta. Muna jin ta tana hira, tana dariya."

"Ai da tsohuwar nan ce, mai shararku."



"Mai shararmu namiji ne," in ji Madam. Ta rage murya. "Kin ga wata a bakin matakala?"

"Na gani."

"Ba ki dai yi mata magana ba?"

Madam ba ta jira ba, ta ci gaba:

"Mu nan ko sallama muka ji a wajen nan ba ma amsawa. Kuma ba mai bin matakalar nan shi kaɗai."

Tasalla ta yi ta kiran wayar 'yarta, ba a ɗaga ba sai gab da magariba.

"Tasalla, ke ce?"

Muryar Barira ce. Barira da ko sunan wata Tasalla ba ta iya faɗa saboda kunyar uwarta.

"Barira, Ummanki ce. Ki haɗa kayanki, gobe ki hawo motar farko."

"Sai Inna ta yarda."

Wayar tana kunnen dama. A kunnen hagu Tasalla ta ji ɗaya muryar, dab da ita, a tsakar gidanta, ga tukunya a kan murhu.

"'Yar nan, ba a karɓar amana ta waya. Da hannunki kika ba ni, da shi za ki karɓa. Ki sauko ƙasa ki same ni. Ke kaɗai. In kin zo da wani, ba za ki tarar da mu ba."

"Inna, don Allah, ban sani ba ne."

"Na tambaye ki har zuci. Ranar da yarinya ta gama aikinta za mu tashi."

Wayar ta mutu.

Yanzu hutun ya kusa ƙarewa. Tasalla ta yi addu'ar duk da ta iya, ta yi sadakar ƙosai, ba ta gaya wa kowa dalili ba. Abin da ya fi cin ta shi ne yarinyar ta ja mayafinta, ta ce mu tafi, ita kuma ta kunyata ta a gaban baƙuwa.

In ta gaya wa maigidan, ba zai bar ta ta tafi ita kaɗai ba, malamai zai ɗiba su tafi tare, ga kuma abin da aka ce mata. In ta yi shiru ta tafi, matakalar da ma'aikatan wurin ba sa bi su kaɗai ita za ta bi.

Iyaye mata 'yan'uwana, ku da kuka san zafin haihuwa, ta faɗa masa ne, ko ta ɗauki mayafinta ta sauka?