Babu Ubale a Cikin Fasfo

"Ke za ki tafi, yaro yana nan!"

Iya ce, uwar mijina, tsaye a ƙofar ɗakina a Maigatari. Ina durƙushe ina ɗaure adudu, Ubale a bayana yana barci.

"Iya, nono fa yake sha..."

"Ni zan yaye shi. A ina kika taɓa jin ɗan fari ya bi uwa uwa duniya? Na kaka ne. Balle wannan, mai sunan Malam!"

Abin da ya sa muke ce masa Ubale ke nan. Sunan surukina marigayi aka mayar masa, sunan da ba ya fita daga bakin suruka, ba ya fita daga bakin matar mamaci.

Shekarar 1976 ce. Gwamnati ta tura maigidana Sudan koyon noman rani tun ina da ciki, bai taɓa ganin ɗansa ba. A kaset ɗin da ya aiko da tikitin jirgi, cewa yake: "Ma'u, sanyin idona, ki taho min da shi. Ko kukansa ne in ji..."

Na ɗago kai, abin da ban taɓa yi a gabanta ba.

"Iya, ki gafarce ni. Ƙafata ƙafarsa."

"Iye! To za ni rakiya. Filin jirgin ne zai raba mu, in kin ga yaro ya hau jirgi, to ba na numfashi!"

Ta fita, sai ga Hajiya Zinariya maƙwabciyarmu ta tsallako. Ta sauke farali, ta san filin jirgin Kano ciki da waje, ita ce ma ta raka ni Gumel aka yi mana allura da lamba, ta kuma tsaya aka saka yaron a fasfona.

"Asama'u, share hawayenki ki saurara. Ki yi sammako, jirgi ba motar kasuwa ba ce da za ta jira ki gama sallama. Fasfo da tikiti da katin allurar nan mai ruwan ɗorawa, a lalita za ki sa su, a jikinki, ba a adudu ba, don adudun aunawa za su yi su wuce da shi."

"To Hajiya."

"Ki rage tukwanen nan, nauyi ƙa'ida gare shi. Kowa ya ce riƙe min ƙullin nan ki kai wa ɗan'uwana, ki ce a'a, ko da rawani ya zo. In jirgi zai ɗaga, ki ba yaro nono, kada kunnensa ya toshe." Ta matso kusa. "Sannan akwai wata ƙofa da 'yan rakiya ba sa wucewa. Duk abin da mai kakin wurin ya tambaye ki, ki faɗa yadda yake a rubuce. Can ba a san kunya ba."

Wannan ta ƙarshen ban gane ta ba sai da na isa.

Muka hau mota zuwa Gumel, daga Gumel zuwa Kano. Iya da jikanta kawai take hira: "Angona, ai ba za ka bar ni ba ko?"

Filin jirgi kuwa, jama'a kamar ranar kasuwar Maigatari, ga wata murya daga sama tana ta kiran garuruwa. Aka auna adudu, aka manna masa takarda, aka ba ni guntunta na cusa a lalita. Muka isa ƙofar nan, Iya na manne da ni, hannunta a kan majanyina.

Mai kakin ya buɗe fasfo, ya dube ni, ya leƙa bayana.

"Yaron wa ye?"

Na sunkuyar da kai. Ta yaya uwa za ta ce ɗan fari nata ne, a gaban suruka?

"Nawa ne!" Iya ta yi caraf.

"Baba, ba ke na tambaya ba. Malama, sunansa?"

"Ubale..." na ce a hankali.

Ya duba, ya girgiza kai. "Babu Ubale a nan. In ba shi ne na cikin fasfo ba, ba zai wuce ba."

"Alhamdu lillahi! Ka ji ko? Kwanto min shi, 'yar nan."

Na ji yatsunta suna warware ɗaurin goyon. Na ji Ubale ya motsa, ya damƙi rigata. Na baya suna ta cewa mu yi sauri. Sai na kama bakin majanyin na riƙe gam.

"Ɗana ne! Ni na haife shi. Sunansa Zakariya'u... Ya'u ɗan Ɗahiru!"

Sunan suruki da na miji, a numfashi ɗaya, a tsakiyar mutane. Har wata mata a layi ta yi salati.

Tim! Mai kakin ya buga hatimi. "Wuce."

Ban iya wucewa ba. Hannun Iya ya saki goyon, na juya ina jiran mari, ko baki. Sai na tarar idanunta sun cika taf.

"Tun da aka kai Malam makwanci," ta ce, "ban ƙara jin an kira sunan nan da ƙarfi haka ba."

Na durƙusa a wurin. "Iya, ki yafe min..."

"Tashi, mara kunya. Juyo nan, kan yaro ya karkace."

Ta kwance mayafinta na saƙi, wanda Malam ya saya mata, ta ɗaura min a kan goyon, ta ja ta ƙulle sosai. Ta tofa masa addu'a a ka, ta daɗe tana shafa ƙeyarsa.

"Angona, tafiya za ka yi ka bar ni ko? Haka mai sunanka ya yi min." Ta goge ido da bayan hannu, ta tura ni cikin ƙofar. "Amma kai ka dawo, ka ji? Ke kuma, in abin nan zai tashi, ki ba shi nono."